Littafin Bashi na Hakimin Monte Kristo

Akwai wani irin jarumi da masu ƙaga labari suka daɗe da gane cewa ba ya rasa kasuwa. Shi ne mutum mai taushin zuciya ga maraya da gwauruwa, wanda yakan ciyar da mai yunwa ya share hawayen tsoho, amma ranar da mugu ya faɗa hannunsa sai ya zama kamar ba a halicce shi da tausayi ba. Yara sun saba da irin wannan hukunci tun daga tatsuniya, inda yarinya mai ladabi takan komo gida da dukiya, kishiyar uwa kuwa ta ƙare a wulakance, ba wanda ya ce wayyo. Manya sun san shi a finafinan Indiya da na Amurka. Mai kallo yakan yi masa tafi sau biyu, ya tafa sa'ad da ya ɗaga marar ƙarfi, ya kuma tafa sa'ad da ya murƙushe azzalumi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda hali biyun nan suke zama cikin ƙirji guda, da kuma wanda yake biyan kuɗin zamansu tare.

Ba littafin da ya fi dacewa a kai wa tambayar nan kamar Le Comte de Monte-Cristo, wato Hakimin Monte Kristo, gama sarautar da Faransawa ke kira comte ta yi kusa da hakimci. Da yawa cikin waɗanda suka yi lakwal da Faransanci sun ci karo da shi, ko da a taƙaitaccen bugu ne. Alezandar Duma, wanda ake rubuta sunansa Dumas, shi ya rubuta shi tare da taimakon Ogust Make, aka riƙa buga shi kaɗan kaɗan a jaridar Journal des Débats daga 1844 zuwa 1846. Duma ba baƙon zancen zalunci ba ne. Kakarsa ta wajen uba baiwa ce 'yar asalin Afirka a tsibirin da ake kira Haiti yanzu. Ubansa ya kai matsayin janar a sojan Faransa, aka tsare shi a kurkuku a kudancin Italiya daga 1799 zuwa 1801, ya fito jikinsa ya lalace, ya rasu a 1806 tun ɗansa bai cika shekara huɗu ba. Wanda ya tashi da labari irin wannan a gida ya san inda ramuwa take yi wa mutum ƙaiƙayi.

Ga yadda labarin yake. A watan Fabrairu na 1815 jirgin ruwa mai suna Pharaon, wato Fir'auna, ya shigo tashar Marsel. Wani saurayi ɗan shekara 19, Edmon Dantes, shi ya kawo shi, domin kyaftin ya mutu a hanya. Mai jirgin, Morel, ya yi niyyar ba shi kyaftin, kuma ga aurensa da Marsedes ya matso. Danglar, akawun jirgin, yana ƙyashin muƙamin. Fernan, masunci, yana son yarinyar. Suka zauna a teburin shan giya, Danglar ya rubuta takardar tsegumi da hannun hagu cewa Dantes ɗan aiken Napoliyon ne, Fernan ya aika da ita, maƙwabcin Dantes kuma, tela Kadarus, yana zaune a buge ya ji kome bai hana ba. Aka kama ango ana cikin walima. Mataimakin mai shigar da ƙara, Bilfor, ya ga sarai yaron ba shi da laifi, har zai sake shi, sai ya tarar wasiƙar da aka ba Dantes ya kawo daga tsibirin Elba ta mahaifinsa ce, shi Bilfor ɗin. Don ya tsare sunansa da ci gabansa ya ƙone wasiƙar, ya jefa Dantes kurkukun If, kan wani dutse a tsakiyar teku, ba shari'a ba ranar fita. Shekara 14 ya yi a can. Wani tsohon fada ɗan Italiya, Fariya, wanda ya haƙa rami ya ɓullo ɗakinsa bisa kuskure, shi ya koya masa harsuna da ilimi, ya warware masa waɗanda suka sayar da shi, ya kuma faɗa masa inda wata babbar dukiya take a binne a tsibirin Monte Kristo. Da Fariya ya mutu Dantes ya shiga buhun gawarsa, aka jefa shi teku, ya yanke buhun ya tsira. Abu ɗaya ne mai karatu zai riƙe a nan: tun a kurkuku tsohon ya yi nadamar buɗe wa yaron ido, domin ya ga abin da ya shuka a zuciyarsa.

Abin da Dantes ya fara yi da dukiyarsa alheri ne, kuma Duma ya rubuta shi da gwaninta har mai taurin zuciya ma sai idonsa ya kawo ruwa. Ya tarar mahaifinsa ya mutu da yunwa. Ya kuma ji cewa Morel ne ya yi ta zirga-zirga wurin hukuma dominsa, har ya bar wa tsohon wata jar jakar siliki da kuɗi a ciki. Yanzu Morel ɗin ya karye, jiragensa sun nutse, ana binsa faran 287,500. Dantes ya sayi bashin a ɓoye, ya ƙara masa wata uku. Ranar 5 ga Satumba, Morel yana zaune shi kaɗai da ƙaramar bindiga, ya gwammace mutuwa da kunyar kasa biya, sai 'yarsa ta faɗo ɗakin da jar jakar nan, takardar bashin na ciki an rubuta an biya, ga kuma lu'ulu'u na kayan aurenta. Kafin su farfaɗo aka yi shela wai Pharaon na shigowa tasha, sabon jirgi da aka ƙera kamar wanda ya nutse, cike da kaya. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, kuma ba inda aka nuna haka da kyau kamar wannan babi.

Amma babin nan shi ne na 30, littafin kuwa yana da babi 117. A ƙarshensa Dantes yana tsaye cikin kwalekwale, ya yi sallama da tausayi, ya ce ya tsaya a madadin Allah ya sāka wa masu kirki, yanzu kuma zai tsaya a madadinsa ya hukunta miyagu. Nan ne asirin jarumin yake, a fili ba a ɓoye ba. Alherinsa da tsananinsa ba hali biyu ne masu faɗa da juna ba, hali ɗaya ne, halin mai riƙe da littafin bashi. Morel ya ba da jaka, an mayar masa da jaka da riba. Danglar ya ba da yunwa, za a mayar masa da yunwa da riba. Saboda haka ba a gane zuciyar mutum irin wannan ta wurin duban abin da ya yi wa masoyinsa, ko abin da ya yi wa maƙiyinsa, gama duka biyu biyan bashi ne. Sai an dubi mutumin da sunansa ba ya cikin littafin ko kaɗan, wanda bai taɓa yi masa alheri ko mugunta ba.

Na farkon irin waɗannan shi ne Ali, bawansa baƙar fata ɗan ƙasar Nuba, bebe. Hakimin da bakinsa ya ba wani baƙo labarin yadda ya same shi. Sarkin Tunis ya yanke wa Ali hukunci a yanke masa harshe ranar farko, hannu rana ta biyu, kai rana ta uku. Hakimin yana da abin fansarsa tun daga fari, amma da yake ya daɗe yana son bara bebe, sai ya jira aka yanke harshen tukuna, sa'an nan ya je ya fanshe shi da bindiga mai baki biyu da wuƙar farauta. Ali yana yi masa biyayya kamar zai ba da ransa, labarin kuma ya wuce wurin da sauri kamar abin ban sha'awa ne na ƙasashen gabas. Mai karatu ɗan Afirka da wuya ya wuce da sauri haka. Abin mamaki ne jikan baiwa ya rubuta wannan bai tsaya ba, sai dai ko da gangan ya ajiye shi a nan domin mai ido ya gani.

Wurin da lissafin ya fi muni shi ne gidan Bilfor. A 1838 Hakimin ya shigo Paris da sabon suna da dukiya marar iyaka, ba wanda ya gane shi sai Marsedes. Bilfor ya zama babban mai shigar da ƙara na sarki. Yana da 'ya daga matarsa ta fari, Balantin, wadda za ta gaji dukiyar kakanninta, yana kuma da ƙaramin yaro, Eduwar, daga matarsa ta biyu, Eloyiz, wadda ba ta ganin kowa a duniya sai ɗanta. Hakimin ya karanci matar nan kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Ya shirya dawakin karusarta suka yi tawaye, Ali ya tare su, yaron ya suma, Hakimin ya farfaɗo da shi da ɗigo guda na wani magani. Da ya sami shiga gidan sai ya zauna da ita suka yi doguwar hira a kan dafi, wanda ke kashewa a hankali ba ya barin alama, da yadda likita zai ɗauka ciwo ne na Allah da Annabi. Kashegari ya aika mata da yadda ake haɗa maganin, da gargaɗin cewa ɗigo kaɗan magani ne, da yawa kuwa ajali. Bai ce mata ta kashe kowa ba. Bai taɓa kofin kowa ba. Wannan ita ce dabararsa a dukan littafin: ya ajiye wuƙa kusa da wanda ya san zai ɗauka, ya koma gefe hannunsa fes.

Kakan Balantin na wajen uwa ya mutu. Kakarta ta bi shi. Sa'an nan tsohon bara, Baruwa, ya dawo daga aike da ƙishirwa, ya sha lemon da aka haɗa domin maigidansa, ya faɗi yana shure-shure ya mutu. Me Baruwa ya yi wa Edmon Dantes a 1815? Ba kome. Kuma Hakimin yana sane da abin da ke faruwa. Da Makzimiliyan, ɗan Morel, ya zo masa a firgice da labarin gidan da mutuwa ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, Hakimin ya amsa masa da sanyin rai cewa hukuncin Allah ne ya sauka a gidan, a bar shi ya yi aikinsa, ko Balantin ce ta biyo baya ba ruwansa. Sai saurayin ya ce ai yana ƙaunar Balantin. Nan take mutumin ya yi ƙara kamar an soke shi, ya tashi haiƙan, ya kama hayar gidan da ke jikin na Bilfor, ya hana idonsa barci dare da rana yana musanya abin shan yarinyar har ya cece ta. Masu son littafin sukan kawo wannan a matsayin shaidar kirkinsa. Shaidar akasin haka ce. Balantin ta safe da Balantin ta yamma yarinya ɗaya ce, marar laifi, mai jinyar kakanta shanyayye. Abin da ya sāke kawai shi ne an ɗauke sunanta daga shafin Bilfor an mayar shafin Morel.

Eduwar bai sami mai ɗauke sunansa ba. Da Bilfor ya gane matarsa ce mai dafin, ya ba ta zaɓi ta sha da kanta ko ta hau dandalin kisa, ya fita zuwa kotu. A kotun aka tone masa asiri a gaban jama'a, bisa shirin Hakimin, cewa wanda yake tuhuma da kisan kai ɗansa ne na shege da ya taɓa binnewa da rai. Ya koma gida a guje yana so ya janye maganarsa, ya tarar matar ta sha, ta kuma ba yaron. A wannan sa'a ce Hakimin ya zo ya bayyana masa ainihin sunansa domin ya cika ramuwa. Bilfor ya kama hannunsa ya kai shi gaban gawar biyu. Mutumin da bai taɓa rawar jiki ba ya ɗauki yaron ya shige ɗaki ya kulle, ya yi iyakar ƙoƙarinsa da magungunansa, ya fito da shi a mace. Ɗigon da ya farfaɗo da yaron a wasan da aka shirya bai yi aiki ba ranar da abin ya zama gaske. Bilfor ya haukace, yana ta haƙa a lambu yana neman ɗansa.

Wannan babi, na 111, shi ya ɗaga littafin sama da dubban labaran ramuwa. Marubuci mai neman tafi kawai ba ya ba mugu iyali. Duma ya ba kowane mugu gida, da mata, da 'ya'ya, da barori, ya bar wutar ta ci har inda wuta takan ci, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Amma dole a faɗi inda ya ja da baya. Tun da fari ya zana Eduwar a matsayin sangartaccen yaro mai fizge gashin aku yana yaga littattafai, don kada mai karatu ya ƙaunace shi da yawa. Shakkar Hakimin kuma ba ta wuce babi biyu ba. A babi na 113 ya koma kurkukun If, wanda ya zama wurin yawon buɗe ido, mai gadi ya zaga da shi ɗakinsa na dā, ya tuna da duhu da yunwa da shekarun da aka cinye masa, ya fito zuciyarsa ta kwanta cewa yana da gaskiya. Wato ya warkar da lamirinsa da tuna azabar kansa. Azabar gaskiya ce, ba mai musu. Sai dai ba ta amsa tambayar da gawar yaron ta yi ba, gama ba yaron ne ya kulle shi ba.

Ko gafarar da ya yi a ƙarshe tana da abin dubawa. Danglar, wanda ya zama babban mai banki, ya gudu Roma da faran miliyan 5 na gidajen jinya, 'yan fashin da ke yi wa Hakimin aiki suka kama shi suka riƙa sayar masa da kaza ɗaya faran 100,000 har kuɗin suka ƙare, yunwa ta kusa kashe shi. Sa'an nan Hakimin ya yafe masa, ya bar masa faran 50,000, ya sake shi gashinsa ya yi fari fat. Kadarus, wanda laifinsa na fari shiru ne da tsoro, ya mutu da sukar wuƙa. Fernan ya harbe kansa. Bilfor ya haukace. Danglar kuwa, wanda ya ƙulla abin tun daga tushe ya rubuta takardar da hannunsa, shi kaɗai ya fita da ransa da hankalinsa, ba don laifinsa ya fi ƙanƙanta ba, sai don layi ya zo kansa bayan mutuwar Eduwar. Mai littafin bashin ma ashe lissafinsa bai daidaita ba.

Masu shirya fim sun gane wurin da ke da ƙaya, suka cire shi. A fim ɗin da aka yi da Turanci a 2002, wanda Jim Kabizel ya fito a matsayin Dantes, babu Eduwar, babu dafi, har aka mai da ɗan Marsedes ya zama ɗan Dantes na cikinsa, aka kashe Fernan a fagen takobi, iyali suka haɗu kowa na murna. Haka yawancin finafinan ramuwa suke. A Sholay na Indiya, na 1975, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani ƙwarai, ba a nuna wa ɗan fashi Gabbar Sing uwa ko mata ko ɗa ba, domin kada wani ya yi kuka a gefensa. A ƙarshen da aka fara ɗauka, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya kashe wa iyali ya yanke wa hannuwa shi ya tattake shi har lahira da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace finafinai ta sa aka sāke, 'yan sanda suka zo suka kama shi, a 2025 kuma aka nuna ƙarshen na asali a birnin Bolonya na Italiya. Abin damuwa ba jinin da ke cikin fim ba ne. Abin damuwa shi ne darasin da ido ke koya a hankali, cewa mugu ba ɗan kowa ba ne, kuma mai kirki ba ya kuskuren gane shi. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ke biyo bayan ihun ɓarawo a kasuwa ya san waɗanda ke ɗaukar sanda da dutse ba aljanu ba ne. Sau da yawa mutanen kirki ne, waɗanda suka ba almajiri saura da safe, kuma kirkin nasu ne yake ba su tabbacin cewa hannunsu ba zai yi kuskure ba, tun jandarma bai iso ya tambayi ko wane ne aka kama ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa jarumi mai yafewa ya kuɓuta daga tambayar. Biktor Hugo ya fitar da Les Misérables a 1862, shi ma labarinsa daga 1815 ya tashi, shekarar da aka kulle Dantes ita ce aka saki Jan Baljan bayan shekara 19 a kan satar burodi da yunƙurin gudu. Bishop Miriyel ya ba shi masauki, ya sace masa kayan azurfa, da aka kamo shi bishop ya ce kyauta ce, ya ƙara masa da alkukai biyu. Baljan bai fito da littafin bashi ba, shi aka yafe wa bashi. Shi ya sa a tarzomar Paris ta 1832, da aka miƙa masa Jaber, ɗan sandan da ya yi shekaru yana farautarsa, a ɗaure domin ya harbe shi, sai ya yanke igiyar ya harba sama. Amma Hugo bai ɓoye farashin ba. Jaber ya kasa ɗaukar nauyin jinƙan, ya faɗa kogin Sen. Tenardiye kuma, mugun da ya azabtar da ƙaramar Kozet, ba wanda ya hukunta shi, aka ba shi kuɗi ya tafi Amurka, a can ya zama mai fataucin bayi. Waɗanda ya saya ya sayar ba su da suna a littafin, kamar yadda Baruwa ya kusa rasa nasa a na Duma. Wanda ya ce a bar mugu ya tafi, shi ma akwai wanda zai biya, kuma sau da yawa ba shi mai yafewar ba ne. Don haka ba a ƙi jinin Hakimin saboda ya so a hukunta Fernan, mutumin da ya ci amanar Ali Fasha na Janina ya sayar da matarsa da 'yarsa bayi. Tona asirin Fernan a gaban majalisar dattawa, da shaidar yarinyar da ya sayar, shi ne mafi tsabta cikin dukan ayyukan Hakimin, domin a fili aka yi shi, da shaida, a gaban waɗanda ke da ikon yin hukunci.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai rasa jin ƙamshin wani labari a cikin na Dantes ba. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi don ƙyashi, aka kulle shi a Masar bisa ƙazafi, yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shi ma ya sami sabon suna da dukiya da iko, masu laifin suka zo gabansa ba su gane shi ba. Shi ma bai yi musu da sauƙi ba: ya kira su 'yan leƙen asiri, ya tsare su kwana uku, ya ɗaure Saminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, tsohonsu Yakubu kuwa, wanda ba shi da hannu a laifin, ya sha baƙin ciki a gida saboda wannan gwaji. Bambancin yana wurin bayyana suna. Dantes ya faɗi sunansa ga Kadarus yana bakin mutuwa, ga Fernan kafin ya harbe kansa, ga Bilfor kafin ya haukace, ga Danglar bayan yunwa ta gama da shi. Sunan shi ne bugun ƙarshe. Yusufu sau ɗaya ya faɗi nasa, bayan ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin ƙanensa, ya fitar da Masarawa daga ɗakin don kada a kunyata 'yan'uwansa, abin da ya biyo baya kuma karusai ne da hatsi da ƙasar Goshen domin 'ya'yansu da jikokinsu. Tsananin Yusufu yana neman ya ga ko mutanen sun sāke. Na Dantes bai bar wa kowa ƙofar sākewa ba sai Danglar, shi ma a makare.

Duma ya sallami jaruminsa cikin daraja. A wasiƙarsa ta ƙarshe Hakimin ya amsa cewa ya ɗauki kansa daidai da Allah, ya roƙi a yi masa addu'a, ya bar wa Makzimiliyan da Balantin dukiya, ya shiga jirginsa da Haide, 'yar Ali Fasha, suka ɓace a teku. Yawancin masu karatu a nan suke rufe littafin da murmushi. Amma 'yan babi kaɗan kafin wannan akwai Marsedes. Ita ba ta rubuta takarda ba, ba ta ƙone wasiƙa ba. Ta jira wata 18, ta yi jinyar tsohon Dantes har ya mutu, aka sa ta fid da rai, ta auri Fernan ba ta san abin da ya yi ba. Da dare ta je ta durƙusa ta roƙi ran ɗanta Alber, ta samu. Bayan tonon asirin ta bar dukiyar mijinta duka, ta koma Marsel, cikin ɗan gidan da tsohon ya mutu da yunwa, tana rayuwa da 'yan kuɗin da Edmon ya binne a lambun gidan tun 1815 domin aurensu. Alber kuwa, wanda ya rasa suna da gida da uba cikin 'yan kwanaki, ya sayar da kansa ga soja a madadin wani domin ya bar wa uwarsa abin kashewa, ya shiga jirgi zuwa Aljeriya, inda Faransa take yaƙin mallaka tun 1830. Ganin ƙarshe da aka yi wa Marsedes, tana bakin taga tana duban teku, wajen da jirgin ɗanta ya bi.